Gargaɗi kan mai gwajin mura da korona a kasuwannin ƙauye

Assalamu alaikum, jama'a. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Ringim, kuma tun da hunturun bana ya kankama mutane ke zuwa mini da labarin wani mutum mai farar riga irin ta likitoci, wanda ke kafa tebur a gefen kasuwa da lasifika, yana shelar cewa da ɗigon jini ɗaya daga yatsa zai gane ko mutum na ɗauke da korona ko mura mai tsanani. Yana karɓar naira dubu biyu, sannan duk wanda layi biyu suka fito masa sai ya sayar masa da wani ruwan magani a kwalbar da babu rubutu a jikinta.

Wani dattijo ya kawo mini abin gwajin a aljihu. Na duba, sai na ga na zazzaɓin cizon sauro ne, an kankare rubutun da ke kansa. Layi biyun da aka tsorata shi da su, idan ma gaskiya suka faɗa, maleriya suke nunawa.

Ƙwayar cutar da ke kama hanyar numfashi a hanci da maƙogwaro take zaune, saboda haka daga can ake ɗaukar samfuri da tsinke mai auduga. Gwajin PCR shi ne mafi inganci, domin yana gano ƙwayar halittar cutar ko da kaɗan ce, amma sai a ɗakin gwaje-gwaje mai na'ura, ba a kan tebur a cikin ƙura ba. Akwai gwajin gaggawa da ke ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 30, shi ma daga hanci. Yakan kuskure cutar ga wanda alamu ba su bayyana a jikinsa ba, shi ya sa idan ya ce babu alhali mutum na fama da zazzaɓi da tari, ake maimaitawa bayan kwana biyu ko a tura samfuri a yi gwajin PCR. Yawancin waɗannan kayan ba a ajiye su a zafin da ya wuce digiri 30, to ina ga jakar da ta wuni a rana bayan babur? Gwajin jini na korona kuwa yana neman garkuwar da jiki ya haɗa ne, wadda ke ɗaukar mako ɗaya zuwa uku kafin ta fito. Abin da ya wuce yake ba da labari, ba ya faɗin halin da ake ciki yau.

Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar wanda aka ce wa lafiyarsa ƙalau ya koma gida ba. Tarin da ya kai mako biyu, a wurinmu, tarin fuka ake fara zargi, kuma gwajin kaki da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke kula da shi. Yaron da wuyansa ya kumbura, haɗiya na yi masa wuya, mashaƙo ake tsoro, cutar da ta yi ɓarna a Kano a 2023, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya kashe shi. Ga shi kuma mutum biyu sun tabbatar mini da allura ɗaya mai farar rigar nan ya soke su, wanda hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau.

Duk wanda ya ce zai gwada ku, ku nemi ganin kwalin, da lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki, kuma a buɗe ledar a gabanku. Ina roƙon masu unguwanni da sarakunan kasuwa, idan ya sake kafa teburinsa, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Waɗanda ya riga ya soka kuwa, su zo asibiti a duba jininsu, su taho da kwalbar maganin idan da saura.