Taya Mai Manyan Haƙora a Kan Boxer: Sharhi Bayan Hunturu, Bazara da Damina a Hanyoyin Gombe

Tayoyin da wannan sharhi ya shafa su ne masu manyan haƙora a rarrabe, waɗanda ake ɗaura wa babur domin hanyar karkara. Na yi amfani da su gaba da baya a kan Boxer BM100, ta gaba 2.75-17, ta baya 3.00-17, dukkansu masu tub, tsawon shekara guda. Hanyoyin da suka taka sun haɗa da kwaltar Gombe zuwa Bauchi, hanyar Bajoga, ƙauyukan da ke bayan Dukku, da ɓangaren Kaltungo zuwa Cham. Hukuncina shi ne: a yashi da burji da taɓo sun fi tayar da babur ke zuwa da ita, wato tayar gari, nesa ba kusa ba, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta sun gaza ta, a cikin iska kuwa babu abin da suka ƙara.

Kafin a biya kuɗi akwai abu uku da ake dubawa a gefen tayar. Na farko lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2324 na nufin mako na 23 a 2024. Tayar da ta daɗe a shago tana shan zafi robarta na taurare, kuma taurin roba shi ke kawo santsi ko da haƙoran ba su taɓa taka ƙasa ba. Na biyu kibiyar da ke nuna inda za ta riƙa juyawa. Masu faci da yawa ba sa kula da ita, in kuwa aka ɗaura a juye, zanen ba zai kori ruwa da laka yadda aka tsara shi ba. Na uku rubutun 4PR ko 6PR, wanda ke nuna ƙarfin jikin tayar. Mai ɗaukar buhu ya nemi 6PR a baya, don gefenta ya fi ƙarfi, sai dai ta fi tauri, kuma ƙugu zai ji bambancin a hanya mai gargada. A sa sabon tub tare da sabuwar taya. Tsohon tub ya riga ya buɗe, yana naɗewa a ciki, wurin naɗin nan ne ke tsagewa.

Kilomita 100 na farko sabuwar taya tana da sulɓi a fatarta. A bi kwana a hankali har ta goge.

Inda tayar nan ta biya kuɗinta shi ne yashi. Wanda ya san unguwannin gefen Gombe da hanyoyin gona ya san yadda ruwa ke kwaso yashi ya jibge shi a gindin gangare da bakin kwalbati. Tayar gari tana shiga wurin sai bayan babur ya fara juyawa a banza, gaba kuma ya riƙa neman inda zai nufa. Mai haƙora tana haƙa ta tura. Amma tayar rabin aikin take yi, sauran yana hannun matuƙi. A sauko giya ta biyu tun kafin a shiga, a ja zama baya kaɗan don nauyi ya bar tayar gaba, a riƙe wuta daidai ba tare da an sake ba, ido kuma ya tafi can inda yashin ya ƙare. Kan babur zai yi rawa, wannan ba laifi ba ne, a ƙyale shi ya yi, a matse tanki da gwiwa a sassauta hannu. Abin da ke kayar da mutane shi ne tsoro ya sa su saki wuta farat ɗaya ko su damƙi birkin gaba. Nan take nauyi ke komawa gaba, tayar ta nutse kamar garma, kan ya karye gefe guda. In dole sai an rage gudu, birkin baya ne, shi ma a hankali.

Maganar iskar cikin taya ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi yi wa sakaci. Ga irin wannan babur, ma'aunin da aka saba shi ne fam 25 a gaba, 28 a baya in mutum ɗaya ne, 32 in da goyo ko kaya. Mafi yawan masu faci kuwa da yatsa suke aunawa, su ɗura har tayar ta yi ƙarar ganga. Taya mai haƙora da aka cika mata iska fiye da kima tana tsayawa a kan haƙoran tsakiya kaɗai, sai ta riƙa tsalle a kan tsakuwa, duk amfaninta ya tafi. Ƙaramin geji na aljihu ya fi kowane kayan ado da ake rataya wa babur amfani. A auna da safe kafin a hau, don tafiya a zafin watan Afrilu tana ƙara fam biyu zuwa huɗu, kuma wannan ƙarin ba a sace shi, da tayar ta huce zai koma. In za a yi doguwar tafiya a yashi ana iya rage fam uku ko huɗu, tayar ta baje ta hau kan yashin. Kada a sauka ƙasa da 20. Da an yi ƙasa sosai, dutse ɗaya zai matse tub a jikin rim ya yi masa huji biyu kusa da juna, ko kuma tayar ta zame a kan rim ta ja tub har bakin bawul ya tsinke. Wannan na biyun ba ya facuwa. Da an dawo kwalta a mayar da iskar.

A kan burji da gargada tayar ta yi kyau, ba ta zamewa a kwana kamar tayar gari. A miƙe tsaye kaɗan a kan matakan ƙafa idan gargadar ta yi yawa, ƙafafu su taimaki shok. Girgizar tana kwance notuna, don haka duk mako a bi na madigadi, na salansa da na kariyar ɗora kaya, a kuma ƙwanƙwasa siraran ƙarafan da ke riƙe da rim, wanda ya yi ƙarar da ba irin ta sauran ba ya saki.

Taɓo iri biyu ne, kuma tayar ba ta yi musu daidai ba. A jan taɓo mai ruwa-ruwa tana wanke kanta tana tafiya, giya ta ɗaya ko ta biyu, ƙafafu a shirye amma ba a jan su a ƙasa. Baƙar lakar nan ta wajen Cham da wasu fadamu daban ce. Tana manne wa haƙoran har tayar ta zama sumul, daga nan ta cika tsakanin taya da madigadin gaba. Da yake wannan tayar ta ɗan fi ta asali kauri, sararin da ke wurin ya ragu, kuma ana iya kaiwa inda tayar gaba za ta ƙi juyawa gaba ɗaya. Alamarsa ita ce kan babur ya yi nauyi, injin yana kuka amma ba a ci gaba. A tsaya a samu itace a ƙwaƙule. Wanda ya nace da wuta kulochinsa zai ƙone.

Idan an ratsa ruwa, a tuna birkin Boxer na cikin kwano ne. Ruwa na shiga ya jiƙa takalmin birkin, sai a taka a ji babu komai. Bayan an fito a yi tafiya kaɗan ana ɗan matsa birkin gaba da na baya har su kama. Ruwan da ke gudu a kan hanya bayan an ɗauke sama, musamman a bakin kwarurrukan da zaizaya ta ci a cikin Gombe, ba a gwada shi da babur ko da wace taya ce. Ƙasan na iya riga ya rufta.

Raunin tayar yana kan kwalta. Robar da ke taɓa ƙasa ba ta kai ta tayar gari yawa ba, saboda haka birki na ɗaukar nisa kafin ya tsayar, kuma a kwana ana jin haƙoran gefe suna lanƙwasawa. A busasshiyar hanya mutum na sabawa cikin kwana biyu. A jiƙaƙƙiya kuwa sai an ninka tazarar da ake bari tsakani da motar gaba. Ruwan farko ya fi haɗari, don yana taso da baƙin mai da ƙurar da suka kwanta tun rani, hanya ta zama kamar an zuba karkashi. Haka fentin tsakiyar titi, kashin shanu a mashigar gari ranar kasuwa, da gas ɗin da tankoki ke ɗigarwa a hawa. Da kaka kuma ga masara da wake da shinkafa da ake shanyawa a gefen kwalta, hatsi a ƙarƙashin taya tamkar tsakuwa ne a kan siminti. A duk waɗannan wurare doka ɗaya ce: babur a miƙe, ba birki, ba ƙarin wuta, har a wuce. Tayar tana kuma yin gurnani da an haura kilomita 60 a awa, girgizar na zuwa har tafin hannu, mai ma yana ɗan ƙara tafiya.

Rami ba a shigarsa da birki a riƙe. A rage gudu kafin a iso, a saki birkin don shok ɗin gaba ya miƙe ya samu abin da zai karɓi dukan, a ɗaga jiki kaɗan. Gefen kwaltar da ya cinye ya bar tudu shi ne ya fi rami mugunta. Wanda babbar mota ta kora ƙasa kada ya yi ƙoƙarin komawa a kwance da gefen, tayar gaba za ta goga ta ƙi hawa. A rage gudu, a juyo a fuskanci tudun sosai sannan a hau.

Sai iska. Masu sayarwa kan ce nauyin tayar na sa babur ya zauna a ƙasa. Ban ga haka ba. A iskar gefe mai ƙarfi a kan kwalta ma tayar gari ta ɗan fi ta natsuwa. Abin da ke aiki a nan shi ne sanin inda iskar ke fitowa.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Mai barin Gombe ya nufi Bauchi yamma ya dosa, don haka tana dukansa ta dama, tana tura shi tsakiyar titi wajen motocin da ke tahowa. Gara ya riƙe ɓangaren dama na hannunsa don ya bar wa kansa wurin gocewa. Mai dawowa kuma ta hagu take dukansa, sai ya kwantar da babur kaɗan zuwa hagu don ya tafi a miƙe. A nan haɗarin yake: idan tirela ta taho, jikinta na tare iskar na ɗan lokaci, shi kuwa yana jingine da iskar da ta ɓace, sai babur ya nufi tirelar. Tana wucewa kuma iskar ta dawo da ƙarfi haɗe da wadda motar ta jawo. Maganinsa shi ne da an hango babbar mota a matsa dama tun da wuri, a rage gudu, a sunkuya kaɗan, a riƙe wuta daidai. A hanyar Bajoga, inda motocin siminti daga Ashaka ba sa yankewa, wannan abu ne na kowane minti kaɗan. Irin wannan yankewar iska na faruwa idan an fito daga tsakanin duwatsu ko bishiyoyi zuwa fili, da kuma kan gada kamar ta Dindima, inda kogi ya buɗe wa iska hanya.

Riƙe kan babur da ƙarfi yana ƙara matsalar, don duk dukan da iska ta yi wa ƙirji da kafaɗa yana bi ta sandararren hannu ya juya tayar gaba. Gwiwa ce ke riƙe babur, hannu ya zama sako-sako, gwiwar hannu a lanƙwashe. A sauko giya ɗaya don injin ya riƙa ja. Ƙarfin da iska ke dukan mutum da shi yana ninkawa sau huɗu idan gudunta ya ninka sau biyu, shi ya sa saukowa daga kilomita 80 zuwa 55 a awa ke sauya tafiyar gaba ɗaya.

Kaya ma suna da nasu. Katifa, kwanon rufi, buhun gawayi a tsaye ko jarkoki da aka jera sama duk tanti ne da iska ke kamawa, kuma da yake suna bayan tayar baya, suna ɗage nauyi daga gaba. A kwantar da kaya, mai nauyi a ƙasa kuma kusa da bayan matuƙi, a ɗaure da roba ta ɓangare biyu. Babbar riga a naɗe ta a zauna a kai. Idan an goya mace a tabbatar ta tattara hijabi da gefen zani, don iska na kai su cikin sarƙa ko tayar baya.

Guguwar farkon damina ba a tuƙi a cikinta. Da an ga gabas ta haɗe, ƙura ta yi ja tana tahowa, akwai 'yan mintuna na neman mafaka. A nemi gini mai ƙarfi, a guji gindin bishiya, allon talla da turken wuta, saboda kwanon rufi da rassa ne ke yawo a lokacin. A kafe babur a giya, sitan ɗin gefe yana ɓangaren da iskar ke turawa.

Ƙurar hunturu na toshe matatar iska da wuri, alamarta babur ya rasa ƙarfi ya riƙa shan mai. A duba ta duk mako biyu a lokacin. Sarƙa a wanke ta da kananzir a sa mai kaɗan, don mai da yawa yana tara yashi ya cinye haƙoran sufuroket, a bar mata sassauci kamar santimita biyu zuwa uku a tsakiya. A cikin hazo fitila a kunne ko da rana, gilashin hular kwano kuma a wanke shi da ruwa, goge shi a bushe yana karce shi.

Wajen ƙarko, ta baya ta fi saurin cinyewa a tsakiya idan kwalta ta yi yawa a tafiyar, haƙoran gaba kuma sukan ci ta gefe ɗaya saboda birki, daga nan gurnanin ke ƙaruwa. Wanda fiye da rabin tafiyarsa a hanyar ƙasa take, manomi, malamin makarantar ƙauye, mai kai kaya kasuwannin mako, ya saya gaba da baya. Ɗan acaɓan da ke zagaye tsakanin Tashar Dukku, Pantami da Tumfure ya zauna a kan tayar gari, ko ya nemi mai matsakaicin zane wadda haƙoranta ke kusa da juna a tsakiya.