Lissafin Firamare: Kowa Ya Yi Nasa Ko A Haɗa Su Rukuni?

Malamai 'yan uwana sun dame ni da tambayar nan, wai wanne ya fi wajen koya wa yara warware lissafi, kowa ya zauna da littafinsa ko a raba su rukuni su fito gaban aji su yi bayani?

Ta fannin kayan aiki na farko ya fi sauƙi, allo da alli sun wadatar, shi kuwa rukuni sai kwali da maka (alƙalami mai kaurin rubutu) da lokaci, darasi ɗaya ba ya isa.

Wajen gano inda yaro ya kauce ma na farkon ne gaba. Ka ce an raba fensir 24 ga yara 6, sai ka ga wani ya rubuta 30, nan take ka san lambobin kawai ya gani ya tara bai karanta tambayar ba. A rukuni wannan yaron ɓuya zai yi, mai ƙoƙarin cikinsu ya yi komai shi kuma ya riƙe kwali, gaskiya wannan na damuna sosai.

Amma fa abin da yaro ya bayyana da bakinsa ya fi zama a kansa, ballantana in abokinsa ya ce masa "ya aka yi ka samu 4?" dole ya koma ya bi matakan, ga kuma tsoron magana da ke raguwa.

In ajinka ya cika maƙil ko yaran ba su riƙe tarawa da rabawa ba tukuna, bari kowa ya yi nasa. In tushe ya zauna kuma za ka iya zagayawa ka ba kowane yaro aikinsa, rukuni na mutum 3 ko 4 zai yi maka.