Jar hodar gyaran ƙwan kifi: takardar da ke jikin ledar ce masifa

Duk wanda ya sayi jar hodar nan ta gyaran ƙwan kifi don sawa a ƙugiya, wadda ake ta tallarta a guruf-guruf ɗin masu fatsa, to ya fara ɓare takardar da aka manna a jikin ledar ya jefar tun kafin ya taɓa ƙwai. Wannan takarda ce ta jawo min asarar kusan kilo 2 na ƙwan tarwada, cikakken ƙwai mai kyau wanda aka ciro wajen masu banda da safe, ya iso hannuna cikin kula da ƙanƙara. Kuɗin hodar ba sai na faɗa ba. Ƙwan ne ya fi ci min rai, don ba kullum ake dace da irinsa ba.

Abu uku takardar ta ce a yi. A wanke ƙwan da ruwa mai tsabta, a rufe shi da hoda har sai ba a ganinsa, sannan a toshe a roba a ajiye "a wuri mai sanyi" kwana 3. Haka aka yi, ba ragi ba ƙari, domin a ga ko maganar mai kaya za ta tabbata. Cikin awa 2 ƙwan ya saki ruwa, wannan kuwa ba abin tsoro ba ne, haka gishiri da sukari suke yi wa kowane ƙwai. Abin da ake jira shi ne ya sake shanye ruwan nan ya cika ya yi ƙwari. Bai shanye ba. Washegari murfin robar ya kumbura. Da aka buɗe, bayan kowane yanki ya ƙone ya yi tauri kamar ganda, cikinsa kuwa ya yi baƙi-baƙi ya narke, in ka matsa sai ya tsiyayo ta tsakanin yatsu. Warin ba na kifi ba ne, tsami ne da ɗoyi a haɗe, ga wani warin ashana da ke shaƙe maƙogwaro. Ko yanki ɗaya bai zauna a ƙugiya ba. Rami aka haƙa aka binne shi saboda kaji da kyanwa.

Da na yi wa mai sayarwa magana, amsarsa ita ce wai haka ake yi a ƙasar waje, kuma babu wanda ya taɓa kawo ƙorafi. To a nan ne gizo ke saƙar. Irin wannan haɗin an yi shi ne don ƙwan kifin salmon, wanda masu fatsa a arewa maso yammacin Amurka, wajen Oregon da Washington da Alaska, suke gyarawa su yi kamu da shi. Ƙwayar ƙwan salmon babba ce, takan kai milimita 6 zuwa sama, da ɓawo mai kauri, an jera ta a cikin tantani mai ƙarfi. Ƙwayar ƙwan tarwada ba ta wuce milimita 1 da rabi ba, tantanin da ya riƙe ta kuma shara-shara ne. Hodar da za ta yi kwana biyu tana ratsa ƙwan salmon, cikin 'yan awowi take gamawa da namu. In ka tula ta yadda takardar ta ce, sai ta zuƙe ruwan waje gaba ɗaya, bayan ya rufe ya ƙi barin magani ya shiga, tsakiya ta zauna ɗanye. Sannan kwana 3 ɗin da suke faɗa a firij ne, wajen digiri 4. A Zariya cikin watan Afrilu, da rana zafi na neman digiri 40, wane lungun ɗaki ne "wuri mai sanyi"? Ko gindin randa bai isa ba.

Maganar wanki ma ta fi ba ni haushi, don ko masu salmon ɗin ba sa wanke ƙwai da ruwa haka kawai. Ruwan da babu gishiri yana shiga ƙwayar ya kumbura ta, tantani ya yi laushi ya yage, maiƙon da kifi ke bi ya tafi da ruwan wanki. Abin da ake cirewa jini ne, shi kuwa takardar ko ambatonsa ba ta yi ba. Jini ne ke fara ruɓewa, shi ne baƙin nan da na gani a tsakiya. Wanda ya rubuta takardar nan bai taɓa riƙe ƙwan tarwada a hannunsa ba, ko shakka babu.

Rabin hodar ya rage, na yi aiki da shi yadda ya kamata a yi, kuma gaskiya a nan hodar ta ba ni mamaki.

Ƙwan da ake so shi ne wanda yake cikin jakarsa guda biyu ba su fashe ba, launinsa kore-kore mai ratsin ƙasa-ƙasa, in ka taɓa ƙwayoyin suna manne da juna. Wanda ya yi fari-fari bai nuna ba, ko ya riga ya mutu. Wanda kuma yake zubowa da zarar an ɗaga shi ya wuce lokacin yanka, sai dai a ƙulla shi a ƙyalle. A roƙi mai yanka ya kiyaye kada wuƙa ta fasa matsarmama, don in ɗacin nan ya zuba a kan ƙwai ba ya fita. Ni na fi son na tarwadar kiwo, domin ana samunta da ƙwai kusan kowane lokaci, kuma ba sai an kashe uwayen kifin rafi ba a farkon damina lokacin da suke hawa fadama su zuba ƙwai.

Ana shimfiɗa jakar a kan tsohuwar jarida ko tsumma mai tsabta. Akwai jijiyar jini da ta bi tsawonta. A huda ƙarshenta da tsinin almakashi, a bi ta da bayan cokali a hankali ana tura jinin yana fita, ana dangwale shi da tishu. A tsaga jakar ta gefe ɗaya a buɗe ta, tantani a ƙasa ƙwai a sama, sannan a yanka gutsure-gutsure kamar santimita 3, kowanne da tantaninsa. A bar su su sha iska a inuwa, a rufe da rariya saboda ƙuda. Da hunturu minti 30 ya isa, iskar Zariya ta Disamba in ka yi sake sai ta mayar maka da shi busasshe. Da damina sai an sa fanka, kuma yakan ci awa 2 ko fiye. Alamar ita ce in ka taɓa ya ɗan kama yatsa amma bai jiƙa shi ba.

Hodar kuwa barbaɗawa ake yi, ba binnewa ba. Babban cokali 2 shafaffe ya ishi rabin kilo. A zuba a leda mai kauri ko kwalba, kada a sa a kwanon ƙarfe ko na alminiyam, a juya a hankali har kowane yanki ya samu. A bar shi awa 1 a waje ya saki ruwa, ana juyawa duk bayan minti 15, daga nan a kai firij. Kada a zubar da ruwan da ya fito, shi ne zai koma ciki da maganin. Tsakanin awa 12 zuwa 18 za ka ga ruwan ya ragu sosai, yankan sun cika sun yi danƙo. A tsame, a sake shanyawa a inuwa kaɗan, shi ke nan.

Wanda aka yi haka ya riƙe ƙugiya fiye da yadda na zata. A kogin Galma, inda ruwa ke ja, ɗanyen ƙwai jifa ɗaya yake yi ya watse, wani lokaci tun a iska. Wannan kuwa ana soka ƙugiya ta tantanin sau biyu, a naɗa zaren ɗinki zagaye uku ko huɗu, sai ya zauna ana ta jifa da shi. Yana sakin farin ruwa-ruwa a hankali, abin da ke kiran tarwada ke nan. Ƙananan kifi masu tsattsagar abincin ƙugiya, su kawara da 'yan karfasa, suna damunsa amma ba sa gamawa da shi nan take yadda suke yi wa tana. A mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, da aka kafa da magariba, da asuba akwai sauransa a ƙugiyoyin da kifi bai ci ba. Tarwada da kurungu sun karɓe shi sosai. A ruwan da yake kwance irin na dam ɗin Shika ma ya fi daɗewa. A wannan ɓangare ba ni da abin cewa, hodar ta yi aikinta.

Ga wanda ƙwansa ya saki, a yanka yadin net irin na teloli murabba'i santimita 6, a zuba rabin ƙaramin cokali a tsakiya, a tattara bakin a ɗaure. Kada a yi wannan da gidan sauro mai magani ko da ya tsufa. Maganin da ke jikinsa guba ne ga kifi.

Amma da na zauna na duba abin da na biya kuɗi a kansa, sai haushin ya dawo sabo. Rabin abin da ake nuna maka a hoton talla launi ne, ja mai ƙyalli. Launin nan an yi shi ne don kifin da ke farauta da ido. Tarwada da gashin baki da hanci take neman abinci, yawanci kuma da dare. Kogin Galma da na Kubanni da damina ruwan ja ne da laka, tafin hannunka in ka nutsa ba ka ganinsa. Wa zai ga jan? Abin da rinin ya iya kawai shi ne kama hannu da farce na kwana da kwanaki, ya ɓata riga, ya ɓata cikin kula har abada. Takardar ba ta ce a sa safar hannu ba, ga shi in akwai ɗan yanka a yatsa hodar na ci kamar me.

Ledar ma siririya ce, an sake ɗurawa ne daga wani babban mazubi aka liƙe baki da wuta. Da aka yi ruwan farko ta sha danshi ta dunƙule, sai an daka kafin ta barbaɗu, in kuwa ta dunƙule awon cokali ya tashi daga aiki, wani yanki ya ƙone wani ya zauna ɗanye. Babu jerin abin da aka haɗa, babu ranar da aka yi, babu gargaɗin a nisanta ta da yara. Warin ashanar nan alamar sinadarin salfayit ne, wanda ake sawa don hana ruɓa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2009 hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar Oregon ta fitar da bincike da ya nuna cewa wasu haɗe-haɗen gyaran ƙwai suna kashe 'ya'yan salmon da suka ci, kuma salfayit ne aka kama da laifin. Mu nan Zariya dam ɗin Kubanni Jami'ar Ahmadu Bello ke shan ruwansa, na Shika kuma gari. Kada wanda ya juye ragowar hoda ko ruwan jiƙon a bakin ruwa, a dawo da shi gida a binne. Ƙwan da aka gyara kuma ba na ci ba ne, a rubuta a jikin robar in za a sa a firij ɗin gida, don a ido sha'awa yake ba yara.

Sannan duk wannan aikin da hodar ta yi, haɗin gida yana yin kusan irinsa. Masu salmon ɗin da kansu suna da tsohon awo da suke kira 3-2-1: kashi 3 boraks, kashi 2 sukari, kashi 1 gishiri. Boraks ana samu wajen masu sayar da kemikal da maƙeran azurfa, shi ke busar da tantani ya ƙarfafa shi. Sukari na sa danƙo, gishiri na jan ruwa. Sun fi son gishirin da babu aidin, na leda da muke saya a shago kuwa duk da aidin yake zuwa, don haka in an samu gishirin buhu mai tsakuwa sai a daka shi. Ga tarwada ina rage gishirin ya koma rabin kashi saboda ƙanƙantar ƙwayar. Kada wani ya ce zai maye boraks da kanwa, kanwa laushi take sawa, ƙwan zai yi yauƙi ya saɓule. Wanda na yi da haɗin gida bai kai na hodar daɗewa a firij ba, bayan mako ɗaya ya fara canja wari, na hodar kuwa ya haura mako biyu lafiya. Wajen kamu dai ban ga wani bambancin da zai sa in sake cire wannan kuɗin ba.

Ajiya ita ce inda kowa zai auna kansa. In za a daskarar, a birkiɗa yankan a busasshen boraks, a ƙulla ƙananan leda na fita ɗaya-ɗaya, a matse iska. Ɗanyen ƙwai ba a sa shi a firiza kafin gyara, ƙanƙara na fasa ƙwayoyin ya narke ya zama kunu. Gyararren ma in wuta ta ɗauke ya narke, ta dawo ya sake daskarewa, zagaye biyu ya ishe shi lalacewa. Wanda ba shi da sola ko maƙwabci mai ƙanƙara, ya gyara daidai abin da zai yi aiki da shi cikin kwana biyu, ya ƙara boraks, ya riƙe shi a kula. A bakin ruwa ma a bar kular a rufe a inuwa, ana ciro kaɗan-kaɗan, wanda ya sha rana kada a mayar da shi cikin sauran.

Wanda ya riga ya sayi hodar ya juye ta a kwalba mai murfi tun ranar farko, ya bi awon cokali 2 ga rabin kilo. Wanda bai saya ba kuwa, kuɗin ya fi amfani a ƙanƙara da ƙugiyoyi masu kyau. Ni dai mai sayarwar nan har yau yana manna takardar a jikin kowace leda, kuma ƙwaina kilo 2 ko haƙuri bai ba ni a kansa ba.