Sharhi kan Microsoft Access: abin da na gani bayan lissafin shagonmu ya yi nauyi

Shekara shida ke nan muna amfani da Microsoft Access, manhajar ajiye bayanai a kwamfuta, a shagonmu na Argungu, inda muke ajiye lissafin manoman da ke karɓar taki da iri bashi, su biya da shanshera bayan girbi. Ba ta taɓa ɓatar mana da lissafin kowa ba, shi ya sa hankalina ya tashi lokacin da binciken masu sauran bashi, wanda a da yake fitowa nan take, ya koma ɗaukar mintuna, manoma kuma suna tsaye bakin kanta.

Nauyin ya fara ne bayan sharar da muke yi duk ƙarshen noman rani. Da yake fayil ɗin Access ba ya wuce gigabayit 2, yaron shagona ya kwashe tsofaffin bayanai gefe, ya juye na bana cikin sabon jadawali, ya goge tsohon, sannan ya danna Compact and Repair domin matse fayil ɗin. Da farko matsewar na zarga, amma wani mai gyara da ya zo daga Birnin Kebbi ya ce mini, "Alhaji, matsewa ba ta cire komai, sai ma ta sake jera bayanai bisa lambar shaidarsu, ta sa manhajar ta sake zaɓen hanyar da za ta bi wajen bincike."

Abin da ya gano shi ne umarnin da yaron ya bi wajen ƙirƙirar sabon jadawalin yana kwafo bayanai ne kawai, ba ya kwafo fihirisa. Fihirisar nan kamar jerin sunayen da ke gaban littafin bashi take. Idan babu ita, dole kwamfuta ta bi layi ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ga shi kuma binciken namu yana haɗa jadawalin manoma da na biya, aikin ya ninka. Ya mayar da fihirisa kan lambar manomi da ranar biya, ya sake ɗaura alaƙar da ta yanke tsakanin jadawalan biyu, ya sake matse fayil ɗin, sakamako ya dawo fitowa kamar da.

A ganina Access ta dace da ƙaramin kasuwanci irin namu, musamman da yake ba ta buƙatar intanet, amma mai riƙe ta sai ya fahimci ginin jadawali, ba shigar da suna da adadin buhu kaɗai ba. Na yaba wa mai gyaran saboda bai taɓa komai ba sai da ya kwafi fayil ɗin a filashi, kuma ya zaunar da yaron ya nuna masa yadda zai riƙa cire tsofaffin bayanai daga cikin jadawalin ba tare da ya rushe shi ba. Haka za mu yi sharar bayan damina.