Hattara da mai sayar da tsofaffin kuɗin azurfar Jamus na jabu

Yuro 640. Jama'a, Yuro 640 wani azzalumi da ya sayar mini da kuɗin azurfa na jabu ya cinye mini, har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kada wani ya zo yana ce mini ban yi bincike ba. Na daɗe ina tara tala, wato manyan kuɗin azurfa na da, na ƙasashen da bishop-bishop suka mulka a Jamus kafin a rusa su a 1803, irin su Würzburg da Bamberg da Münster. Na san tala da aka buga bisa yarjejeniyar kuɗi ta 1753 nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗoriya, daidai da liyarin Mariya Tereza mai 1780 da iyayenmu mata ke ado da shi. Shi ya sa na ce ya ɗora a sikeli. Ya ɗora, ya yi bidiyo, 28 ta fito ɓaro-ɓaro. Ya sa maganaɗisu, bai kama ba. To me kuma ya rage in tambaya?

Guda biyu ne: ta Franz Ludwig von Erthal, bishop na Würzburg da Bamberg, da ta Colloredo, babban bishop na Salzburg. Wai na kakansa ne. Da ya ce "ɗan'uwa, kai ka san darajarsu, shi ya sa ba zan kai wa dillali ba", wallahi nan ya sace zuciyata. Wannan maganar nake ta juyawa. Har ragi ya yi mini daga 700, ni kuwa ina ta godiya!

Da suka iso na auna, giram 24. Maƙerin fari ya ɗan goga gefe, sai ga jan ƙarfe. Zubi ne, ga ƙananan ramuka a fuskar bishop ɗin, ga layin haɗi a gefe. Na bidiyon daban, waɗanda ya aiko daban. Af, tun kafin nan ma ya ce in tura ta banki kai tsaye, wai asusunsa na PayPal ya samu matsala. A ranar da kayan suka iso ya toshe ni, ko kuwa tun daren da na biya ne, sai na duba. Yuro 640!

Hotunan hirarmu da rasit da bidiyon duk suna nan, zan saka su in na rufe lambar asusuna.

Maganaɗisu ba hujja ba ce, jan ƙarfe ma ba ya kamawa. Kada ku tura kuɗi ta hanyar da ba a iya dawo da su.