Zuwan Farko Landan: Wane Masauki, Wane Jirgi, Wane Kati?

Abu uku ne mai zuwa Landan karon farko zai kashe wa kuɗi tun bai ga komai a garin ba: ɗakin kwana, abin hawan da zai ɗauko shi daga filin jirgi, da katin biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa. Ukun a sarƙe suke, kuma masauki ne ke jan ragama, domin inda za ka kwana shi ke nuna jirgin da ya dace da kai da nawa za ka riƙa biya kullum. Farashin da ke cikin wannan rubutu na shekarar 2025 ne. Hukumar sufurin birnin, TfL, ta saba ƙara kuɗi a watan Maris, don haka ka duba shafinta kafin ka tashi.

Masauki

An raba Landan gida-gida ta fuskar sufuri, kamar zobe cikin zobe. Shiyya ta 1 ita ce tsakiyar gari, filin jirgin Heathrow kuma yana shiyya ta 6. Duk yadda ka yi nesa da tsakiya ɗaki na yin sauƙi, kuɗin jirgi da lokacin da za ka ɓata a hanya suna ƙaruwa. Ga wanda zai yi mako ɗaya ko biyu, shiyya ta 2 ce tsaka-tsaki, da sharaɗin tashar jirgi ba ta wuce tafiyar minti goma a ƙafa ba.

Otal masu rassa da yawa irin su Premier Inn da Travelodge ba su da wani ƙawa, amma abin da ka gani a hoto shi za ka tarar. Ƙananan otal na tsofaffin gidaje a wajajen Paddington da Bayswater da Earl's Court sukan fi araha, sai dai araha ba ta ado: da yawansu babu na'urar hawa bene, matakalar ƙunci ce, kuma ɗaki mafi sauƙin kuɗi yakan kasance a ƙarƙashin ƙasa, wani ma ba taga. Wanda zai zo da dattijuwa ko da akwatuna biyu masu kilo 23 kowanne, ya tambayi hawa na nawa ɗakin yake kafin ya biya. Iyali masu yara, ko wanda ya zo jinya zai daɗe, gidan haya mai kicin ya fi musu, don dafa abinci da kanka na rage kashe kuɗi ƙwarai.

Sauka a gidan ɗan'uwa ya fi komai sauƙi, amma ka nemi cikakken adireshi tun kana gida. Akan ce wane yana Landan alhali a Luton ko Milton Keynes yake, garuruwan da ke wajen shiyyoyin nan gaba ɗaya, kuma kuɗin jirgin shiga gari da komawa kullum na iya cinye rabin abin da ka yi tattali.

Mai son kusa da masallaci da abincin halal yana da zaɓi biyu masu kyau. Whitechapel a gabas, inda Masallacin Gabashin Landan yake, ko kuma wajajen Edgware Road da Baker Street, kusa da babban masallacin Regent's Park. Yawancin otal sai ƙarfe 3 na rana suke ba da ɗaki, jiragen dare daga Najeriya kuwa da asuba suke sauka, saboda haka ka tambaya ko suna ajiye kaya. Banɗakunansu ba su da buta ko famfon tsarki. Ka sako ƙaramar butar roba a akwati.

Daga filin jirgi zuwa gari

Daga Heathrow jiragen ƙasa uku ne ke shiga gari. Heathrow Express shi ne ake ta tallarsa tun kafin ka fito daga wurin ɗaukar kaya: minti 15 zuwa Paddington, kimanin fam 25. Saurin gaskiya ne, amma a Paddington kaɗai yake tsayawa. In masaukinka ba a nan yake ba, sai ka sake jan akwati ka hau wani jirgin da wani kuɗin, saurin ya tashi a banza. Yana da amfani ga mai sauka a Paddington wanda ya sayi tikiti ta intanet makonni kafin tafiya, lokacin da farashin ke faɗuwa sosai.

Layin Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022, shi ne ya fi dacewa da yawancin baƙi. Fam 13.90 zuwa tsakiyar gari, kimanin rabin awa zuwa Paddington, sannan ya zarce Bond Street, Tottenham Court Road, Farringdon, Liverpool Street da Whitechapel ba tare da ka sauka ba. Taragunsa na da faɗi da na'urar sanyi, kuma kowace tasha a layin tana da hanyar da mai akwati ko keken guragu zai bi ba matakala.

Layin Piccadilly shi ne na mai tattali: fam 5.80, tafiyar kusan awa guda, yana bi ta Earl's Court, South Kensington, Piccadilly Circus har King's Cross. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ne mai ƙaramin tarago, da safe ma'aikata na cika shi maƙil, kuma wasu tashoshinsa sai ka ɗaga kaya a matakala. Mai jakar goyo ɗaya ba shi da dalilin biyan fiye da wannan. Ranar komawa ka karanta allon gaban jirgin, domin wanda ke zuwa Terminal 4 daban yake da mai zuwa Terminal 5.

Baƙar tasi mai mita takan kama daga fam 60 zuwa sama da 100, gwargwadon nisa da cunkoso. Ga mutum ɗaya tsada ce, ga iyali biyar da kaya kuwa lissafin na kusantar na jirgi, kuma har ƙofar gida za a kai ku. Uber da Bolt suna aiki, suna da wurin ɗaukar fasinja na musamman. Duk wanda ya tare ka a zauren fitowa yana cewa yana da mota, ka wuce shi. Doka ta hana wannan, kuma motar da ba a yi odarta ta kamfani mai lasisi ba babu inshorar da ta rufe ka a cikinta.

Wanda jirginsa ya sauka a Gatwick ya gwada Thameslink, mai zuwa London Bridge da Farringdon da St Pancras, ko Southern mai zuwa Victoria. Gatwick Express ya fi su tsada, mintocin da yake rage maka kuma kaɗan ne.

Katin biya, inda aka fi yin kuskure

Bas a Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Tikitin takarda na tafiya ɗaya a jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma fam 7 ne, alhali tafiyar nan a shiyya ta 1 da kati ba ta kai fam 3 ba. Don haka zaɓin gaskiya tsakanin abu uku yake: katin bankinka, katin Oyster, ko tikitin mako da ake kira Travelcard.

Katin banki na Visa ko Mastercard mai alamar taɓawa, ko wayar da aka ɗora shi a kanta, farashinsa ɗaya da Oyster, ba layin saye, ba zuba kuɗi. TfL kan tara tafiye-tafiyen yini ta cire kuɗin sau ɗaya. Matsalar daga gida take tasowa. Katin naira yakan zo da iyakar abin da za a kashe a waje, wani bankin yana ɗora caji a kan kowane ciri, wani kuma ya toshe katin da zarar ya ga an yi amfani da shi a wata ƙasa. In cirin ya ƙi shiga, ƙofar tasha za ta daina buɗe wa katin har sai an biya bashin. Ka je bankinka kafin tafiya ka tambayi abu uku: katin na aiki a waje, nawa ne iyakarsa, nawa ne cajin kowane ciri. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali.

Oyster katin roba ne mai launin shuɗi da ake saye a injin tasha, har da tashoshin Heathrow. Kuɗin katin kansa ya kai fam 10, kuma ba a mayarwa. Sai ka zuba masa kuɗi, da tsaba ko da kati. Wanda ya taho da fam a hannu, ko bai amince da katin bankinsa ba, wannan ne nasa. Fam 30 ya isa farawa. In za ka koma, injin tasha na mayar da ragowar da ba ta wuce fam 10 ba, saboda haka kada ka cika zubawa a kwanakin ƙarshe.

Duka biyun suna da silin na yini, wato iyakar kuɗin da za a cire maka a rana ɗaya. A shiyya ta 1 da ta 2, da zarar abin da ka kashe ya kai fam 8.90, sauran hawan ranar kyauta ne. Bas fam 1.75 ne ko ina za ka, kuma duk bas ɗin da ka sake hawa cikin awa ɗaya ba a ƙara cirar komai. Kuɗin layin Elizabeth daga Heathrow yana shiga lissafin silin na shiyya ta 1 zuwa ta 6, wato fam 16.30, na Heathrow Express kuwa ba ya shiga.

Akwai kuma silin na mako, fam 44.70 a shiyyoyin nan biyu, amma daga Litinin zuwa Lahadi ake ƙirga shi. A nan Travelcard ke da rana: kuɗinsa ɗaya da silin ɗin, sai dai yana fara aiki duk ranar da ka zaɓa, kuma a kan Oyster ake ɗora shi. Wanda ya sauka Alhamis zai yi kwana bakwai yana yawo sosai, Travelcard ya fi masa. Wanda ya sauka Litinin, ko zai yi kwana huɗu kawai, ba ya buƙatarsa, domin sai ka cika silin na kwana biyar kafin kuɗinsa ya fito.

Kurakuran da ke cinye kuɗi ƙanana ne a ido. A jirgin ƙasa ana ɗora kati a kan rawayan faifai wajen shiga da wajen fita. In ka manta na fita, musamman a tashoshin da ba su da ƙofa, za a cire maka kuɗin tafiya mafi tsada. A bas kuwa wajen shiga kawai ake taɓawa. Kada ka ɗora walat ɗinka gaba ɗaya a kan faifan, don na'urar na iya karanta wani katin daban. Haka nan in ka shiga da waya ka fita da katin roba, ko da asusu ɗaya ne, ana ɗaukarsu kati biyu, a caje ka sau biyu. Kuma kati ɗaya na mutum ɗaya ne: maigida ba zai taɓa wa kansa ya miƙa wa uwargida ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 suna shiga kyauta tare da babba, har huɗu, ta faffaɗar ƙofar gefe. 'Yan 11 zuwa 15 a saya musu Oyster, a roƙi ma'aikacin tasha ya sa musu rangwamen ƙananan baƙi, wanda ke rage rabin kuɗi na tsawon kwana 14.

Daga Litinin zuwa Juma'a kuɗin jirgi ya fi tsada daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4 zuwa 7 na yamma. Baƙon da ba shi da alkawarin sassafe ya jira a wuce tara da rabi, ya samu sauƙin kuɗi da wurin zama.

Sauran abin da za a saya ko a bari

Katin yawon buɗe ido irin London Pass sai ga mai shiga wuraren biya biyu ko uku kullum, kamar Tower of London da Westminster Abbey. British Museum, National Gallery, Science Museum da Natural History Museum duk kyauta ake shiga, kuma sun isa cika kwana uku.

In za ka sayi fam a wurin 'yan canji, a Wapa ne ko a Abuja, ka duba takardun. Fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki tun ƙarshen Satumba 2022, na leda kaɗai kantuna ke karɓa. Tsabar da ta kai fam 10,000 dole a bayyana ta ga kwastan. Mai niyyar sayayya kuma ya sani tun Janairun 2021 aka daina mayar wa baƙi harajin kaya a filin jirgi, don haka farashin da ke jikin kaya shi ne farashinsa.

Layin waya na Lebara ko Lycamobile ko giffgaff ya fi barin layin gida a buɗe sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a kantunan cikin gari ya fi araha a kan filin jirgi. Soket ɗin Ingila mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, amma mai tasowa daga Nijar da caja mai ƙafa biyu zagayayyu zai buƙaci adafta. Bizar Birtaniya ba ta shiga Faransa, kada ka sayi tikitin jirgin ƙasa na Eurostar zuwa Faris sai kana da bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita. Ka yi inshorar lafiya, don baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin magani.

Tsarabar da aka fi ƙwacewa ita ce wadda 'yan'uwa suka fi roƙo. Doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, wato kilishi, dambun nama da man shanu duk ba sa wucewa, ko da an naɗe su a tsakiyar kaya. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma kuma har kilo 2.