Mozart da Dvořák a dare ɗaya: wane tikiti ya kamata ka saya a Landan?

Da yawa daga cikin shagulgulan kiɗan gargajiyar Turai tsarinsu ɗaya ne. Kafin hutu a kawo konceto, inda makaɗi ɗaya, kamar mai kaɗa piyano, yake ba-ni-in-ba-ka da sauran makaɗa, bayan hutu kuma a kawo simfoni, wanda ayarin makaɗan gaba ɗaya ke kaɗawa. Tikiti ɗaya ne, amma kujerar da ta dace da kashin farko ba lallai ta dace da na biyu ba.

Fara duba abin da za a kaɗa. Konceton piyano na 20 na Mozart, wanda ya rubuta a Biyana a 1785, kusan rabin awa ne, kuma makaɗa kaɗan yake buƙata. Simfonin da ke biye da shi ne zai sauya maka daren. In wannan ne zuwanka na farko, nemi ranar da aka sa simfoni na 9 na Dvořák, wanda aka fara kaɗawa a Carnegie Hall da ke New York a 1893. Karinsa na zama a kunne tun jin farko. Na 6 na Tchaikovsky ma a shekarar ya fito, sai dai yana da nauyi a zuciya, da baƙin ciki yake ƙarewa, mai shi kuma ya rasu kwana 9 bayan an fara kaɗa shi. Ina ƙaunarsa matuƙa, amma ba da shi zan fara wa baƙo ba.

Maganar kujera ce ta fi muhimmanci. Ana ajiye piyano ne a karkace, makaɗin yana zaune ta hagun 'yan kallo, murfin kuma a buɗe yana fuskantar zaure. Wanda ya zauna ta hagu zai ga yatsun suna gudu, ya ga ƙafa tana taka feda. Na dama fuskar makaɗin kawai zai gani, ko da yake sautin na isa gare shi sarai. Kada layin gaba ya ruɗe ka: wuyanka zai gaji da ɗagawa, gogen da ke kusa da kai kuma ya danne sauran. Tsakiyar zaure, ka ɗan karkata hagu, nan ne kuɗinka zai biya.

Kujerun bayan makaɗa sun fi araha, kuma za ka ga fuskar jagora yana ba da umarni da ido da sanda. Ga Dvořák abin sha'awa ne, ƙaho da ganguna na gabanka. Ga Mozart kuwa an yi asara, domin murfin ya ba ka baya, sautin ya tafi wajen wasu.

Akwai kuma tikitin tsayuwa a bikin BBC Proms, da ake yi a zauren Royal Albert Hall da ke Landan daga Yuli zuwa Satumba. A 2024 fam 8 ne. Ɗalibi mai ƙarfin ƙafa ya tsaya a filin tsakiya, dab da dandamali, wajen awa biyu. Mai ciwon baya ko wanda zai zo da dattijo ya haƙura ya biya kuɗin kujera, kuma ya iso da wuri, don in an fara kaɗawa sai an sami tsaiko ake barin wanda ya makara ya shiga.